Tambaya ta Biyar

Abu biyu jami'a ta ɗora wa Auta a zangonta na ƙarshe, kuma duk wanda ya haɗa su a zango ɗaya, da ganin aikinsa bai taɓa riƙe alli ba. Na farko, mako goma sha biyu na koyon koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke bayan tashar mota, inda aka damƙa mata yara arba'in da uku aka ce ga su nan. Na biyu, kwas ɗin ƙagaggen rubutu. Malamin kwas ɗin wani dogon mutum ne mai tafiya kai a sunkuye kamar yana neman abin da ya yar, kowa Dakta yake ce masa. Ya ce shi ba zai yi jarrabawa ba, kowa ya kawo labari guda, shafi goma, nasa na kansa. Ɗalibai suka fito suna tafawa, wai banza ta faɗi. Ba su san Dakta ba ne.

A makarantar an haɗa Auta da malamar ajin, wadda ta shekara ashirin da shida tana koyarwa. Daga shugaban makaranta har mai gadi, ba wanda ke kiranta da wani suna a bayan idonta sai Jan Biro. Ƙa'idarta guda ce. Kafin Auta ta sa ƙafa a aji, sai ta kawo littafin tsarin darasi an duba: manufa, gabatarwa, matakai, auna fahimta, kammalawa, kowane a gidansa, an ja masa layi da rula. Layi ya karkace, biro ya yi magana.

"'Yar nan, darasi ba hira ba ne," in ji ta ranar farko. "Ki san ta inda za ki shiga, ki san ta inda za ki fita. Malamin da bai san kammalawarsa ba, ƙararrawa ce ke kammala masa."

Ba a yi mako biyu ba Auta ta gane inda gizo ke saƙar. Littafin karatu guda tara ne a ajin, kuma labaran da ke ciki yaran sun haddace su tun bara, har riga ta ƙarasa jimla suke yi. Ta kai kuka wurin Jan Biro. Jan Biro ta ce ta samo nata ta rubuta a allo, muddin za ta fitar da tambaya biyar a ƙasa. Auta kuwa ga tsarin darasi, ga gyaran littattafai arba'in da uku, ga Dakta yana jira, sai ta nemi sauƙi. Ta ɗauko labarin da take rubuta wa Dakta, ta fara yanko wa yara shi gutsure gutsure.

Sai dai labarin ba nata ba ne. Na Yaya ne.

Shekara goma ce tsakaninsu, don haka Auta ta tashi da uwa biyu, Umma mai faɗa da Yaya mai ba da labari. Yaya ce ke raka ta firamare kowace safiya. Tafiyar minti ashirin ce, a wuce gidan burodi, a wuce garejin kanikawa, a hau ƙaramar gadar da ke kan magudanar ruwa, sai ga ƙofar makaranta. A wannan hanyar Yaya ta ƙirƙiro tsoho mai yanka makulli. Wai wata mata ce ta kawo masa makulli a yi mata irinsa, ta ce za ta dawo da yamma, ba ta dawo ba. Shi kuwa mutum ne da kayan mutane ke hana shi sukuni. Da shekara ta zagayo, sai ya ɗauki alkawari kullum in ya tashi daga aiki zai je ya gwada makullin a ƙofa guda, har ya dace da gidan matar. Kowace safiya ƙofa ɗaya ke nan. Yaya na riƙe da jakar Auta, tana yin muryar tsohon, tana yin muryar masu gida, har da kukan kwaɗo idan ya ƙi buɗuwa. Da sun iso ƙofar makaranta sai ta datse labarin ko da a tsakiyar jimla ne, ta miƙa jaka, ta juya.

Shekarar da Baba ya rasu, Auta na da goma sha ɗaya. Wata safiya, a daidai kan gada, tsohon ya isa wata ƙofa shuɗiya a ƙarshen lungu. Ya zura makulli, ya shige. Ya murɗa, ya juya. Ya ji tari daga ciki. Nan suka iso makaranta. Auta ta wuni a aji ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakin malami ba, aka tashi ta yi gida a guje. Ta tarar da katifar Yaya a naɗe. Umma ta ce Yaya ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, can wani birni mai nisan kwana biyu a mota, ta tafi tun da hantsi. Kowa a gidan ya sani, har maƙwabta, ban da ita.

Shekara goma ke nan, da albashin Yaya ake riƙe gida da karatun Auta. Yaya ta yi aure a can, ta haifi biyu, ta zo gida sau uku, kowane zuwa kwana huɗu, ɗaki cike da masu sannu da zuwa. Kowane ƙarshen mako tana kira. Umma ta cinye rabin awa, sannan ta miƙo wayar ta yi tsaye a kai. Ya karatu? Lafiya. Kina cin abinci? Ina ci. Ki kula da Umma. To. A gaida yara. Za su ji. Muryar Yaya ta waya murya ce ta mai kallon agogo, mai kirki, mai gajiya, ba ta da ko ɗaya daga cikin muryoyin nan na kan hanya. Auta ta sha shirya tambayar a bakinta, ta haɗiye. Ba kunya ba ce. Tsoro take ji kada ta tambaya a ce mata wane tsoho. Muddin ba ta tambaya ba, Yayarta ta kan gada tana nan a wani wuri, riƙe da ƙarshen labari, tana jira. Shi ya sa ta bar kaza cikin gashinta, tana kewar mutumin da take magana da ita duk mako.

To, yaran ajin suka kamu. Ranar da ta rubuta ƙofar farko a allo, ta wanzamin da ya ɗauka ɓarawo ne ya fito da aska a hannu da rabin kan wani a aske, sai da malamin ajin kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Sai ƙofar telan da ya kulle kansa a ciki don gudun masu ɗinki, yana amsawa ta tagar sama wai ba ya nan. Sai gidan mai kwaɗo bakwai, wanda da aka buɗe ba a tarar da komai ba sai wata ramammiyar kyanwa. Sai ƙofar matar da ta ce wa tsohon kada ya wahalar da kansa, ita ba ta kulle ƙofa, mijinta ya fita shekara talatin ba da makulli ba. A wannan ranar ba wanda ya yi dariya. Yaran da ba sa zuwa sai an tashi hutu suka fara zuwa da sassafe, masu rubutun kaza suka fara kwafe allo tsaf don su kai wa ƙannensu. Jan Biro ta duba littattafan, ta ce, "Ba laifi." A bakinta wannan kirari ne.

Ƙofa goma sha ɗaya Auta ke iya tunawa. Ta ja su yadda za ta iya, ta sa nahawu a tsakani, ta sa shifta, amma abin da ake ɗiba ba a ƙarawa ai ƙarewa yake yi. A mako na tara ta zauna ta rubuta ƙofa shuɗiya, ta tsaya inda Yaya ta tsaya. Ta fitar da tambayoyi. Wane launi ne ƙofar? A ina take? Me ya faru da aka murɗa makulli? Me tsohon ya ji? Huɗu ke nan. Hannunta ya rubuta ta biyar kafin kanta ya ba da izini: Wa tsohon ya tarar a bayan ƙofar?

Jan Biro ta duba layi, ta duba gidaje, ta ƙirga tambayoyi da bakin biro, biyar cif. Ta sa hannu.

Kuma da yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ranar ce jami'a ta turo mai duba ɗalibai masu koyon koyarwa, kuma da yake malamai sun yi ƙaranci a sashen, Dakta aka turo. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya shigo ya naɗe dogayen ƙafafunsa a bencin baya, ya buɗe takardar maki a kan gwiwa.

Darasin ya tafi kamar an shafa masa mai. Aka karanta allo baki ɗaya, aka karanta layi layi. Da aka zo wurin tari, ajin ya yi tsit har ana jin kwandastoci na kiran fasinja a tasha. Tambaya ta ɗaya, hannaye sama. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, haka. Auta ta karanta ta biyar.

Kawuna arba'in da uku suka koma kan allo. Ta ga leɓɓa na motsi, suna bin layi daga sama har ƙasa, suna sake komawa. Ta koya musu da bakinta cewa amsar auna fahimta tana cikin abin da aka karanta, kada kowa ya ƙaro da nasa, ga shi suna yi mata biyayya. Wata yarinya da ke bencin gaba, mai yawan gyara wa mutane magana, ta ɗaga hannu.

"Malama, babu a ciki."

"Ki sake dubawa."

"Na duba sau uku, Malama. Ko kin manta layi ɗaya ne?"

Sai ajin ya ɓarke. Matar ce! Ɓarawo ne! Malama, faɗa mana! Malama, don Allah! Auta ta tsaya da alli a hannu. Ta buɗe baki, ta tabbata wani abu zai fito, don ai malami ba ya rasa ta cewa. Abin da ya zo mata shi ne katifa a naɗe. Ta juya ta fuskanci allo kamar mai neman inda za ta rubuta, ta tsaya a haka, minti nawa ne ba ta sani ba, har ƙararrawa ta kammala mata.

A ofishin malamai Dakta ya sa aka ba su wuri. Jan Biro kaɗai ta ƙi fita, ta ce ɗalibarta ce, kuma sa hannunta ne a littafin. Ya fito da takardu daga jakarsa, Auta ta gane shafukanta tara da ta miƙa masa makon jiya don ya duba.

"Na zo duba malama, na tarar da marubuciya tana neman taimako a wurin yara," in ji shi. "Auna fahimta ba duban boka ba ce. Ba a tambayar yaro abin da ba a ba shi ba. Ke kin san amsar?"

"A'a, Dakta."

"Na yi zaton haka. Shafi tara na karanta ina jin daɗi, na juya na goma na tarar da tebur." Ya dube ta ta saman gilashi. "Kuma akwai wani abu. Na san hannunki, shekara uku ina karanta shi. Ke kina bayani, kina bayanin bayani. Mai wannan labarin ba ta bayani. Na waye?"

Ta yi niyyar ƙarya, ta ga ba ta da ƙarfinta. Ta ce na yayarta ne, ta faɗi hanya, ta faɗi gada, ta faɗi shekara goma, a taƙaice, idonta a kan rular Jan Biro.

"Tana da rai?"

"Tana nan."

"Tana da waya?"

"Tana da ita."

"Ikon Allah," in ji Dakta. Ya maida murfin bironsa. "Ni ba na ba da maki ga wanda bai yi rajistar kwas ɗina ba. Ki rubuta a shafin farko cewa daga bakinta kika ji, wannan ba abin kunya ba ne, rubutawar taki ce. Amma ki kawo mini shafi na goma ranar Laraba, ki kuma koma ajin nan ki biya yaran amsarsu. Makin darasin yau na riƙe shi sai na ga shafin."

Da ya fita, Jan Biro ta jawo littafin tsarin darasi, ta buɗe, ta daɗe tana kallon tambaya ta biyar da sa hannunta a ƙasa. Auta ta jira biron. Bai zo ba.

"Shekara ashirin da shida ina ƙirga tambayoyi," in ji Jan Biro, "yau na ga ranar karanta su." Ta rufe littafin. "Ni da ƙanwata muna gari ɗaya, sai a gidan rasuwa muke haɗuwa. Ba faɗa muka yi ba. Ki kira ta, 'yar nan."

Auta ba ta kira ba. Ta ce ai ita ma ɗalibar rubutu ce, za ta iya. Washegari ta ba yara aikin gida kowa ya rubuta wanda yake zaton yana bayan ƙofar, ta kwaso takardun ta baza a kan tabarma ranar hutu, Umma na tsallake su tana mita. Goma sha bakwai sun ce matar ce. Shida sun ce mahaifiyar tsohon. Akwai mai aljani, akwai mai ɗan sanda, wani ya ce akuya ce mai mura. Mai gyaran maganar nan ta rubuta layi ɗaya, cewa ba za ta iya amsawa ba tunda ba a ba ta bayani isasshe ba. Auta ta yi dariya har ta share ido. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta nata, ta yaga. Ta sake, ta yaga. Kowane ƙarshe ta sa, sai ta ji shi kamar takalmin aro. Ba wai ba su da kyau ba ne. Ita dai ba ƙarshe take nema ba, na Yaya take nema, da muryar Yaya, kuma wannan ba ya cikin biro.

Da Yaya ta kira a ƙarshen makon, Umma na tsaye a kai. Ya karatu? Lafiya. A gaida yara.

Ranar Talata, saura kwana ɗaya, ta tura saƙo tun da safe: Yaya, in kin fita hutun rana ki kira ni, ni kaɗai. Ta tura ta jefa wayar a jaka kamar ta ƙona ta. Da aka tashi hutu ta zagaya bayan ajujuwa, inda aka jibge karyayyun benci a gindin katanga, ta zauna a kan mai ƙafa uku, shafuka tara a cinya. Wayar ta yi ƙara.

"Auta? Umma ce? Me ya same ta?"

"Lafiyarta lau, Yaya."

"Ke ce? Ba ki da lafiya? An kore ki?"

"Ba abin da ya faru. Tambaya zan yi miki."

Ta ji Yaya ta sauke numfashi. "Kin kusa tsinka mini zuciya. Tun safe nake ba mutane magani hankalina na gida. Ina jin ki, minti goma sha biyar gare ni."

"Tsoho mai yanka makulli. Wa ya tarar a bayan ƙofar?"

Ana jin ƙarar cokula a can nesa, da wata talabijin.

"Wane tsoho? Na bakin kasuwarmu? Ai na ji ya rasu."

Abin da ta shekara goma tana gudu ke nan, ga shi ya zo a jimla ɗaya, cikin murya mai kirki. Ta ji kamar ta taka matakalar da babu. Ta so ta ce ba komai, a gaida yara. Maimakon haka ta ce, "Bari in karanta miki," ta fara tun kafin a hana ta.

Ta karanta matar da ba ta dawo ba. Ta karanta wanzami da rabin kai. Sai ta ji wani sauti da ta ɗauka layin ne ke yankewa, ashe dariya ce, irin wadda Yaya ke yi ta hanci kafin ta fito ta baki.

"Wa ya rubuta wannan shirmen?"

"Ke kika faɗa."

"Ni? Ni ɗin nan? Kai, Auta. To ci gaba."

Ta ci gaba. A wurin tela Yaya ta ce wallahi ta san wanda ta kwaikwaya, mai shago kusa da gidan burodi, har yanzu yana riƙe da yadinta. A wurin kyanwa ta ce, "Bakwai? Na cika ƙarya." A wurin matar da ba ta kulle ƙofa dariyar ta ɗauke. Minti goma sha biyar suka wuce, Auta na gani a fuskar wayar, ba ta faɗa ba, Yaya ma ba ta faɗa ba. Ta tsallake wasu ƙofofin, ta isa shuɗiya. Makulli ya shige, ya juya, aka yi tari. Ta tsaya.

"Nan kika tsaya," in ji ta. "A ƙofar makaranta. Na dawo ba kya nan."

Da Yaya ta yi magana, muryar ba ta waya ba ce, ba kuma ta kan gada ba ce. Wata ce da Auta ba ta taɓa ji ba.

"Ƙofofin nan duk sun zube mini, ba zan yi miki ƙarya ba. Da safe nake haɗa su ina wanke fuska. Amma wannan safiyar na san ta. Safarki ɗaya ta zame, kin ƙi tsayawa in gyara. Kina da tawada a nan, gefen hannu."

"To wa ke ciki, Yaya?"

"Ba kowa, Auta. Ban sa kowa ba. Ban taɓa niyyar makullin ya juya ba, so na yi ya yi ta yawo har ki gama makaranta." Ta ja hanci. "Jakata na gidan maƙwabta tun da daddare, motar ƙarfe tara ce. Umma ta ce in faɗa miki a hanya. Na wuce gidan burodi ban faɗa ba, na wuce gareji ban faɗa ba. Da muka hau gada na ga ba zan iya ba. Kuma ke kullum in kin shiga sai kin waiwayo sau biyu kin ɗaga mini hannu. Na ce me zan ba yarinyar nan da zai cika mata kai ta shige ba ta dube ni ba? Shi ne na murɗa makullin."

Auta ta dubi katangar da ke gabanta, inda wani yaro ya taɓa yin lissafi da gawayi ya kuskure. Ta tuna ranar sarai. Ta tuna ta karɓi jaka, ta shiga tana ƙirga mutanen da za su iya yin tari a bayan ƙofa. Fuskar Yaya kuwa ta nema ta rasa, don ba ta kalle ta ba.

"Ya yi aiki," in ji ta.

"Ya yi. Ina tsaye har aka kaɗa ƙararrawa, har mai gadi ya ce ko na yi mantuwa ne. Ke kin riƙe labari, ni bayanki na riƙe. Har yau in na rufe ido, yarinya ce mai safa ɗaya a zame tana tafiya tana magana ita kaɗai."

A can ɓangaren wata murya ta kira Yaya, ta amsa da cewa tana zuwa. A nan ma yara sun fara komawa aji, ana jin gudunsu a baranda. Auta ta damƙe wayar da hannu biyu. Takardun suka zame daga cinyarta, ba ta bi su ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Da na waiwayo fa?"

Ta ji numfashin yayarta, kusa, kamar suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

"Da ba ki yi jami'a ba," in ji Yaya, "don da ban shiga motar ba."